Neman lasisin kitso a Niyok: rubutun da nake ajiyewa

14 ga Janairu, 2024

Na ƙudura zan nemi lasisin kitso na jihar Niyok a wannan shekara, kuma zan riƙa rubuta yadda abin ke tafiya, saboda matan da ke tare ni a masallaci da gidan suna suna tambaya. Kowace da labarin da ta ji. Wata ta ce sai an yi shekara biyu a makaranta, wata ta rantse cewa kitso ba ya buƙatar takarda a Amurka. Ba ƙarya suke yi ba, labarin wata jiha suke ɗora wa wata. A ƙasar nan gwamnatin tarayya ba ta ba da lasisin wannan sana'a, kowace jiha da dokarta.

A Niyok abin yana hannun sashen ba da lasisi na ma'aikatar harkokin jiha, mai hedikwata a Albani. Sun raba sana'ar kwalliya gida biyar. Mai son cikakken gyaran gashi, da rini da saka man miƙar da gashi, za ta yi awa 1,000 a makaranta. Gyaran fata da fuska awa 600, farce awa 250, cire gashin jiki da kaki awa 75. Namu na kitso da murɗa gashi da ɗinkin gashin ƙari awa 300 ne. Wannan lasisin bai yarda ki yi rini ba, bai yarda ki taɓa sinadarin da ke sauya gashi ba, almakashi ma sai dai datse abin da kitson ya buƙata. Ni dama ba na son warin man miƙarwa, don haka ban yi asarar komai ba.

Dalilina ɗaya ne. Ina aiki a shagon Hajiya a unguwar Halem da ke birnin Niyok, kusa da titi na 125, ana raba kuɗin kowane kai tsakanina da ita. Ba ta taɓa cutata ba. Amma ina son kujerar da zan biya haya, kwastomomina su zama nawa, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da takarda.

28 ga Janairu, 2024

Akwai hanyar da ba sai an shiga makaranta ba: wadda ta yi shekara biyar tana sana'ar bisa doka a wajen jihar, ko da a wata ƙasa ce, tana iya nema da wannan shaidar. Da na ji, har na yi murna, domin tun ina 'yar makarantar firamare a Zariya nake riƙe kibiya. Sai na karanta abin da suke so: takardun shaida daga waɗanda suka san aikinki, da hujja a rubuce irin takardar haraji mai nuna sana'arki. Wace makitsiya ce a Tudun Wada take da takardar haraji? A tsakar gida ake yi, a kan tabarma, a biya ki ko a ce sai Juma'a. Shuku da zane da kalaba da na yi wa rabin unguwa ba su bar takarda ko ɗaya ba. Na rufe wannan ƙofa.

Makarantun da jiha ta amince su koyar da wannan darasi shi kaɗai ba su da yawa, mafi yawansu dogon karatun awa 1,000 suke tallatawa saboda shi ne mai kuɗi. Waɗanda na tambaya kuɗinsu ya haura dala dubu uku. Kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar makarantar na da izinin jiha a kan wannan darasin kansa, domin takardar wadda ba ta da izini ba ta da amfani ko nawa kika biya. Na roƙi uwar adashinmu ta matso min da kwasata zuwa watan gobe, ta yarda.

19 ga Fabrairu, 2024

An fara. Safiya makaranta, yamma shago. A ajinmu akwai 'yan Senegal da Gini da Kodebuwa, da wasu baƙaƙen Amurka 'yan mata da ba su iya tsaga madaidaiciya ba tukuna. A cikin awa 300 ɗin, 220 na kitso da salon gashi ne. Ragowar 80 aka rarraba wa dokokin sana'a, tsafta da kiwon lafiya, tsarin jikin ɗan Adam, cututtukan fatar kai, da wankin kai.

Malamarmu ta ga hannuna a kan kan roba ta yi dariya, ta ce in taimaka wa na kusa da ni. To ga ni na biya kuɗi ina koyarwa.

3 ga Maris, 2024

Zan yi adalci, akwai abin da na ƙaru da shi, kuma duk a cikin awa 80 ɗin nan yake.

Na farko wankin kayan aiki. A gida mataji ɗaya ke zagaye kawuna goma, iyaka a kakkaɓe shi a gefen zani. A nan matakai ne. A cire gashin da ya maƙale, a wanke da sabulu da ruwa, sannan a nutsar da shi gaba ɗaya cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na asibiti wanda hukumar kare muhalli ta yi wa rajista. Wanda kowa ya sani shi ne Barbicide, shuɗin ruwan nan da ake gani a kwalba a shagon aski, wanda aka fara haɗawa a Burukilin, nan cikin birnin Niyok, a 1947. Ana sirka awo ɗaya da awo goma sha shida na ruwa, kayan su yi minti goma a ciki, a sauya ruwan kullum. Shekarun da na yi ina ganin kwalbar a shaguna, da yawa ado ce kawai: mataji rabi a ciki rabi a waje, ruwan ya yi sati har ya dushe. Idan ba a wanke maiƙon man kitso ba kafin a tsoma, maganin ba ya kaiwa ga abin da aka sa shi ya kashe.

Na biyu gane abin da ke kan mutum. Makero naman gwari ne ke kawo shi, yana bin mataji da hula da matashin kai daga yaro zuwa yaro, kuma shafe-shafe ba ya kashe shi, sai maganin sha daga likita, domin yana can cikin tushen gashin. Amosani ba ya yaɗuwa. Kwarkwata kuwa ƙwanta na manne da silin gashi, ba ya kakkaɓuwa kamar amosani. Dokar aiki a nan ita ce ba ke ce likita ba. Kin ga abin da ba ki yarda da shi ba, ki dakata, ki gaya wa mai kai cikin sirri ta je asibiti.

Na uku shi ya fi taɓa ni. Mu mun taso da cewa kitson da bai ja ba bai yi ba, sai yarinya ta kwana ba ta iya ɗora kai a filo, goshi ya ɗaure, a ce ai gobe zai saki. Wannan jan shi ke cinye gashin gaban goshi da na gefen kunne. Da farko ƙananan ƙuraje ne ke fitowa a bakin tsaga, alamar tushen gashi na wahala. In an sassauta da wuri gashin na dawowa, in aka yi shekaru ana yi wurin ya mutu, ba man kaɗanya ko man darbejiya da zai tsiro da shi. Ku dubi goshin iyayenmu mata da yawa idan sun cire ɗankwali. Tsufa muke ɗora wa laifin, alhali hannun makitsiya na ciki. Gashin ƙari mai nauyi a kan ɗan siririn gashin gaba ya fi komai ɓarna, shi ya sa kitson da ake fara shi da gashin mutum sannan a riƙa ƙara na roba kaɗan-kaɗan ya fi sauƙi ga kai, ko da yake ya fi cin lokaci.

Duk wannan, da za a tattara shi, sati biyu ya isa.

24 ga Maris, 2024

Azumi ya yi nisa, jiki ya yi laushi. Daga sahur ba na komawa barci, jirgin ƙasa daga unguwarmu ta Buronkis, aji, shago, in sha ruwa a tsaye da dabino a aljihun riga. Baban yara ya ga yadda nake dawowa ya ce, "Wai ke dole ne sai wannan takardar? Matar abokina a Teksas ba ta zauna a aji ko na yini ɗaya ba, ga ta da shagonta."

Na ce, "Gaskiya ne, Malam, amma ba a Teksas muke ba."

Abin da ya faɗa haka yake, sai dai ba a banza suka samu ba. A 1997 'yan sanda suka kama wata makitsiya mai suna Isis Brantley a birnin Dalas na jihar Teksas saboda tana kitso ba lasisin kwalliya. Ta yi ta shari'a da jihar, sai a 2015 aka cire kitso daga jerin sana'o'in da ke buƙatar lasisi a can. A jihar Yuta, Jestina Clayton, 'yar asalin Saliyo, ta kai ƙara saboda an ce sai ta yi awa 2,000 na karatun da kusan babu kitso a cikinsa, kuma a 2012 alƙalin kotun tarayya ya ba ta gaskiya. Misisipi tun 2005 rajista kawai ake yi a biya dala 25. Maƙwabciyarmu Niyu Jazi, da ke tsallaken kogin Hudson, ta mayar da nata awa 40 ko 50 a 2018, gwargwadon daɗewar mutum a sana'ar. Luwiziyana kuma awa 500 take nema. Kai ɗaya ne, mataji ɗaya ne, amma hatsarinsa wai ya danganta da gefen kogin da kike tsaye.

Niyok na cikin jihohin farko da suka ware wa kitso lasisinsa, tun farkon shekarun 1990, kuma a lokacin ci gaba ne, domin ya fitar da makitsa daga dogon karatun rini da sinadarai. Ra'ayina a yau shi ne a bar darasin tsafta da cututtuka, a tsananta shi ma, a gwada hannun mutum a rana ɗaya, wadda ta iya a sallame ta. Wadda ba ta iya ba ta yi awa 220 ɗinta.

12 ga Afrilu, 2024

Satin sallah ban leƙa aji ba, kawuna sun yi yawa. Awannin da aka rasa ba a yafe su, sai an rama, don haka ranar gamawata ta matsa.

30 ga Yuni, 2024

Na cika awa 300. Makaranta ta tabbatar wa jiha da hakan. Saura takardun nema.

Ana buƙatar mutum ya kai shekara 17. Ana buƙatar likita ko ma'aikacin jinya mai izini ya duba ki ya sa hannu cewa ba ki da cuta mai yaɗuwa, kuma takardar kwana 30 kawai take yi, don haka kada ki je asibiti sai sauran kayanki sun haɗu. Ana neman lambar katin shaida na hukumar motoci ta jiha, domin hoton da ke kansa shi za a buga a lasisin. Kuɗin nema dala 40, kowace jarrabawa dala 15, lasisin wucin gadi na wata shida dala 10. Kuɗin gwamnati ke nan gaba ɗaya, bai kai kuɗin kai ɗaya ba. Makaranta ce mai cin kuɗin, da kwastomomin da suka wuce lokacin da kike aji.

Akwai kuma darasin awa ɗaya ta intanet da aka wajabta tun 2020, kan gane alamun matar da ake duka ko cin zarafinta a gida. Na buɗe shi da niyyar in gama in wuce, sai na tsaya na saurara. Duk wanda ya kawo wannan doka ya san shagon kitso. Mace na zama awa shida a gabanki, kin cire mata ɗankwali, kina ganin bayan kunnenta da wuyanta da inda aka fizge gashi, abin da ko mahaifiyarta ba ta gani. Kuma baki na buɗewa a wurin kitso yadda ba ya buɗewa a ko'ina. Darasin bai ce ki zama alƙali ko ki kira 'yan sanda a bayan idonta ba. Ya ce ki saurara, kada ki yaɗa, ki san lambar masu taimako da za ki ba ta idan ta nema. Kashi na biyun nan, wato riƙe baki, shi ne jarrabawar gaske a shagunanmu.

21 ga Yuli, 2024

Lasisin wucin gadi ya fito. Hajiya ta manna shi a bango da kanta.

Muna karatun jarrabawa da wata 'yar uwa Bamaraɗiya da muke aiki tare. Hannunta ya fi nawa sauri, ƙananan kitso kuwa ban ga mai kama ta ba a titin nan. Ta gama awanninta tun bara, jarrabawar rubutu ce ta tsaya mata. Boko kaɗan ta yi, shi ma da Faransanci. Ana fassara jarrabawar zuwa wasu harsuna, amma babu Hausa. Tambayoyin na zaɓi ne, ana son kashi 70 cikin ɗari, kuma an cika su da sunayen sassan fata da na ƙwayoyin cuta da ko ɗan ƙasa sai ya haddace. Da dare bayan mun rufe nakan karanta mata tambaya in juya ta da Hausa, kafin in rufe baki ta ba ni amsa daidai. In na miƙa mata takardar ta karanta da kanta, sai ta yi shiru.

Ta ce min, "Yaya, ni fa na san abin nan, idona ne bai san shi ba."

Na ce, "Za mu sa ya sani, ƙanwata. Kalma goma kullum."

Irinta suna da yawa daga titi na 116 zuwa na 125, kuma su ne suka fi tsoron mai duba shago, domin tarar aiki ba lasisi na iya kai dala 500 a karon farko, ta ƙaru in an sake.

18 ga Agusta, 2024

Na rubuta jarrabawa a ofishin jiha da ke titin William a ƙasan Manhatan. Sai an kashe waya kafin a shiga, a kuma nuna katin shaida mai hoto. Fiye da rabin abin da na gani tsafta ce da cututtuka da doka. Sakamako a shafin intanet ake dubawa, ba maki, ci ko faɗuwa kawai. Na ci, alhamdu lillahi.

13 ga Oktoba, 2024

Jarrabawar aiki da hannu. Kowa ta zo da kan robarta da jakar kayanta, kowace kwalba da sunan abin da ke ciki a rubuce. Masu dubawa na zagayawa da takarda ba sa magana, kowane aiki da lokacinsa.

Shawarar da zan ba ƙwararru ita ce ku manta da burgewa. Ba kyan kitso ake ba maki mafi yawa ba, tsari ne. An goge teburi kafin a fara? An tsaftace hannu kafin a taɓa kai? An yafa wa mai kai mayafin kariya, ko da roba ce? Mataji ya faɗi ƙasa, an jefa shi cikin jakar kayan datti an ɗauko wani, ko an hure shi an ci gaba? Wadda ta shekara ashirin tana kitso ita ta fi shiga hatsari a nan, domin hannunta na gaba da tunaninta: ta riƙe kibiya a baki, ta soka mataji a gashin kanta, ta lakaci mai ta ajiye a bayan hannu. Duk abin da muke yi ne ba mu sani ba, kuma kowanne na rage maki. Na yi makonni ina aiki a shago kamar ana kallona kafin hannuna ya saba.

10 ga Nuwamba, 2024

Lasisi ya zo, da hotona, shekara huɗu. Zai ƙare a Nuwamban 2028. Na yi waina na kai shago.

19 ga Janairu, 2025

Ashe takarda ɗaya ba ta isa ba. Wanda ke hannuna ya ba ni damar yin aiki ne a ƙarƙashin mai shago. Mai hayar kujera, wadda ke karɓar kuɗinta da kanta, sai ta nemi wani lasisin daban na mai haya, dala 60, kuma yana ɗaure da adireshin shagon da sa hannun mai shi. Ana son inshora kafin a bayar, wadda za ta biya aƙalla dala 25,000 a kan hatsari ɗaya da 75,000 a jimla. Da na ji sai na ce me zai faru a kitso? Sai na tuna ruwan zafin da muke tsoma jelar gashin roba a ciki, tafasasshe, a bayan wuyan mutum, wani lokaci yarinya ce mai motsi. Na biya ban ƙara magana ba.

Na zauna da Hajiya. Na ce, "Hajiya, ba barin ki zan yi ba, kujerar bakin taga nake so haya."

Ta ce, "'Yata, dama na san ranar na zuwa. Sati-sati za ki biya, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Janairu ne fa, kin ga titi."

Ta yi gaskiya, sanyi ya kore mutane, kowa ta tura kai cikin hula. Na karɓa duk da haka.

6 ga Afrilu, 2025

Haraji. Mai aikin kanta ba mai cire mata komai daga albashi, ita za ta tara ta biya, kuma bayan harajin kuɗin shiga akwai kashi 15.3 cikin ɗari na fansho da lafiyar tsofaffi. Ranar 15 ga Afrilu ce iyaka. Na sayi littafi ina rubuta kowane kai da kowace ledar gashi da kuɗin haya. Wasu na ce min tsabar kuɗi ba ta da shaida, me zai sa in bayyana. Na ga abin da rashin takarda ya jawo min a kan shekarun Zariya. Gobe in na je neman hayar shago ko bashin banki, wannan littafin za a tambaya.

25 ga Mayu, 2025

Mai duba shaguna ta zo ranar Laraba ba sanarwa, haka suke yi. Ta dubi lasisin shago, ta bi kujera-kujera tana haɗa fuska da hoton da ke bango. Ta buɗe durowa ta ga ko kayan da aka wanke na rufe daban da masu datti, ta dubi kwalbar magani, ta nemi rasiɗin sayensa da takardar inshora. Hajiya na tara rasiɗanta a cikin wata tsohuwar gwangwanin biskit, ta juye su a teburi. Ba ta daɗe ba ta tafi. Bamaraɗiya ba ta nan ranar, ta kai ɗanta asibiti.

Riƙe lasisin bai kai samunsa wahala ba, amma yana da ƙananan ƙa'idoji da ke kama mutane. Asalin takardar ake mannawa inda kwastoma za ta gani. In an sauya gida ko suna sai an sanar da jiha, domin can za su aika saƙon sabuntawa. Sabuntawa dala 40 ce, kuma Niyok ba ta neman ƙarin karatu kafin a sabunta, saɓanin wasu jihohi irin Ilinoi. Wadda ta bar nata ya mutu ta ci gaba da aiki, hukuncinta ɗaya da wadda ba ta taɓa samu ba, in kuma ya shekara biyar a mace sai ta sake zama jarrabawar rubutu.

15 ga Yuni, 2025

Babbar sallah ta biya min hayar da sanyi ya ci. Bamaraɗiya ta sa ranar jarrabawarta a watan Agusta, yanzu tana karanta tambayoyin tsafta da kanta, sassan fata ne suka rage.

Wata kwastoma ta nemi in je Niwak in yi wa amarya da ƙawayenta kitson biki, kuɗi mai kyau. Niwak a Niyu Jazi take, lasisina bai haye kogi ba, inshorata ma a kan kujerar Halem aka rubuta ta. Na ce su kawo amaryar shago ranar Alhamis da sassafe, zan rufe littafina na yinin saboda su, Bamaraɗiya ta riƙa raba min gashi. Sun yarda, sun ajiye rabin kuɗi.